Shekarar Aya ta Huɗu

A gidanmu akwai labarin da kowa yake bayarwa yadda ya ga dama, musamman ranar Sallah idan an ci an ƙoshi: wai ni ce na tsaya gaban jama'a na hana 'yar da na haifa shugabancin ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Lyon. Ban musa ba, na yi. Sai dai Malam, kakanku, kowace shekara sai ya ƙara wa labarin gishiri, har ku jikoki kun fara ɗauka dambe aka yi. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta hana ni yawo, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada in riga shi tafiya a bar labarin a hannunsa shi kaɗai.

Karatun shari'a ne ya kawo ni Lyon daga Damagaram, ina yarinya mai taurin kai da rigar sanyi wadda ta yi mini yawa. A ɗakin karatun jami'a na ci karo da rubuce-rubucen wasu manyan alƙalai na Amurka, waɗanda suke cewa kundin tsarin mulki yana nufin abin da kalmominsa suke nufi ranar da aka rubuta shi jama'a suka amince da shi. A wurinsu alƙali ba shi da ikon ya ce zamani ya sauya, don haka ma'ana ta sauya. Idan doka ta tsufa, jama'a su taru su gyara ta ta hanyar da ita kanta ta tanada, amma kada mutum ɗaya mai baƙar riga ya gyara musu ita daga kan kujerarsa. Abokan karatuna Faransawa sun ɗauki wannan ra'ayi abin dariya. Malamin da ya duba kundin digirina, dattijo mai kirki da ba ya rabuwa da lofe, ya sha ce mini doka abu ce mai rai, tana girma tare da mutanenta, kuma wanda ya ɗaure ta a ranar haihuwarta ya ba matattu mulkin masu rai. Ban raina maganarsa ba, har yau ma ina juya ta a raina. Amma shi bai taso inda na taso ba. Ni na ga yadda mai mulki ba ya rasa masanin da zai karanto masa abin da yake so daga takardar da ta ce akasin haka, kuma kullum da sunan zamani da amfanin jama'a ake yi. Saboda haka na riƙe ra'ayina, na rubuta kundina a kansa, na samu aiki a sashen shari'a na wani kamfanin inshora, na auri Malam. Shi ne ya raɗa mini suna lauyar matattu tun yana nemana, kuma bai fasa ba.

Ƙungiyar tamu ta girme ni a garin. Mutum huɗu ne suka kafa ta, ma'aikatan da suka zo aikin masana'anta a Vénissieux, nan gefen Lyon, tun kafin a fara ganin ɗalibai irinmu. Muna da zaure a ƙasan wani dogon bene a unguwar Minguettes, nan ake suna, nan ake zaman makoki, nan ake saukar sabon ɗalibi a ba shi bargo da tukunya. Dokokin ƙungiyar shafi uku ne da aka buga da tsohon keken rubutu, suna kwance cikin gwangwanin biskit a wani lungu na zauren. Da yake ni ce na karanta shari'a, aka naɗa ni shugabar kwamitin dokoki, kwamitin da ni kaɗai ce a cikinsa, kuma na yi shekaru ban yi masa aikin komai ba sai cin shinkafa. Zaɓe ma ba a taɓa yi ba. Duk shekara biyu wani dattijo zai miƙe ya ce Alhaji Isa ya ci gaba, a ce amin, a shafa fatiha. Alhaji Isa mahauci ne, mutumin Maraɗi, ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai ya saba da mabuɗin zauren a aljihunsa har ba ya jin daɗin tafiya idan bai ji nauyinsa ba.

Ana nan sai 'yata ta fari, wadda nake kira Nana, ta ce za ta tsaya takara. A nan Lyon na haife ta, lokacin tana aiki a kantin magani, shekarunta sun kusa talatin. Gaskiya ita ce take ɗauke da rabin ƙungiyar: ita ke cika wa tsofaffi takardun ritaya, ita ke raka Hajiyoyi wurin likita ta yi musu tafinta, ita da sa'o'inta ke jera kujeru da wanke tukwane bayan kowane taro. Matasa suka bi bayanta kaf. Da Alhaji Isa ya ga abin ba wasa ba ne, sai ya buɗe gwangwanin biskit, ya sa tabarau, ya karanto aya ta huɗu: ba ya zama ɗan ƙungiya, balle ya yi zaɓe ko a zaɓe shi, sai wanda aka haifa a ƙasar Nijar. Zauren ya kaure da surutu. Daga ƙarshe wani ya tuna akwai kwamitin dokoki, kowa ya juyo yana kallona, ni kuwa da cinyar kaza a hannu. Na ajiye kazar na ce bai dace in yi hukunci a kan 'yata ba, a nemi wani. Ba wanda ya yarda. Matasa sun ƙi saboda suna ganin uwa ba za ta ba 'yarta kunya ba, dattawa sun ƙi saboda sun fi matasa sanina. Aka ba ni wata ɗaya in faɗi ko takarar Nana ta halatta.

Washegari Alhaji Isa ya aiko mana da cinyar rago guda, wai gaisuwa ce kawai. Na sa Malam ya mayar da ita kafin ta huce daga sanyin shago. Ya tafi yana waiwayenta a cikin leda, ya dawo ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin inda shari'a ta amfane shi ba.

Ranar Lahadi Nana ta zo cin abincin rana kamar yadda ta saba, da fara'arta, don a ganinta magana ta ƙare. Ta zo da kwafin dokokin, ta ja layi da jan bik, wato biro, ƙarƙashin aya ta ɗaya, wadda ta ce manufar ƙungiya ita ce haɗa kan 'yan Nijar na Lyon da taimakon juna. Ta ce wannan ita ce zuciyar takardar, sauran ayoyin duk hanya ce ta kaiwa can, kuma ayar da ta kori rabin mutanen da ke cika zauren ta saɓa wa manufar, dole a karanta ta da idon yau. Ta yi bayani da kyau har na ji alfahari ya kama ni, na ce a raina wannan da ta bi sawuna da ta fi ni. A fili kuwa na ce mata zan duba.

"Za ki duba me, Maman? Ba wanda ya tambaye ni takardar haihuwa lokacin da nike wanke tukwane."

"Wanke tukwane ba ya cikin aya ta huɗu."

"Donc, ni baƙuwa ce ke nan. A lekol 'yan ajinmu sun ce mini 'yar Afirka, na yi haƙuri. Yanzu a zaurenmu ke za ki tashi ki ce mini 'yar Faransa."

Malam ya ce tuwo yana hucewa, a ɗage zaman kotu. Muka ci, amma ni ban ji ɗanɗanon komai ba, domin maganarta ta soke ni kuma na san gaskiya ta faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kwanaki ina neman mafita. Tunanina shi ne wataƙila waɗanda suka rubuta dokokin ba su ma kawo yara a ransu ba, sun kwafo ayar ne daga takardar wata ƙungiya don a karɓi rajistarsu a ofishin perfe, wato gwamnan yankin. In haka ne, zan iya cewa doka ba ta yi magana a kan 'ya'yan da aka haifa a nan ba, taro ya yanke abin da ya gani. Na san hujjar ba ta da ƙarfi, da ɗalibi ne ya kawo mini ita da na mayar masa da takardarsa, amma a lokacin uwa ce ke nema. Cikin mutum huɗun nan uku sun rasu. Saura ɗaya, Baba Sha'aibu mutumin Tawa, wanda ya koma Paris wajen ɗansa bayan ya yi ritaya. Na ce wa Malam ya shirya, ranar Asabar za mu hau jirgin ƙasa na safe. Ya ce ashe yau lauyar matattu ta samu mai rai guda.

Mun sauka daga metro a Barbès ana tsakiyar kasuwa, jirgi yana wucewa a saman kanmu, masu tumatir da masu lemo suna ta kiran ciniki. Malam ya ɓace mini sau biyu, na farko wajen mai goro, na biyu wajen wani mutum da ya rantse sun yi makaranta tare a Damagaram, ashe ɗan Mali ne. Daga nan muka haura unguwar Goutte d'Or, muka sami Baba Sha'aibu inda aka ce za mu same shi, a shagon ɗinkin ɗansa, zaune kusa da abin ɗumama ɗaki da hula da carbi da ƙaramin rediyo. Gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan rabin awa. Ya tambayi Lyon unguwa-unguwa, ya tambayi mutanen da suka daɗe a kabari, muka gaya masa, aka yi musu addu'a, aka kawo shayi. Sai da kofi na biyu ya zo na fito da takardar, na tambaye shi ko ya tuna yadda aka rubuta aya ta huɗu. Ya yi dariya har sai da ya cire hula ya share ido da ita. Ya ce a ɗakinsa aka yi zaman, a gidan kwanan ma'aikata, mutum biyu a kan gado, biyu a kan akwati.

"Ni na riƙa alƙalamin, ɗiyata, ƙaƙa zan mance? Marigayi Usmanu, shi ad da lakkwal cikinmu, ya yi boko, shi yar rubuta 'yan Nijar da ɗiyansu. Sai marigayi Alhaji Bawa yac ce a kashe wanga wuri maza. Yac ce waɗanne ɗiya? Mu da munka zo shekara ukku mu koma gida? Wanda duk yas sa ɗiya cikin takarda mugun baki ya yi muna, shina roƙon mu tsuhwa nan."

Ya ce a wancan lokaci duk cikinsu ba wanda ya kwance akwatinsa gaba ɗaya. Shi kansa ya shekara bakwai bai sayi labule ba, don kada ƙasar ta ɗauka ya zo zama ne. Shi aka miƙa wa alƙalami ya ja layi a kan 'ya'yan, suka sa wanda aka haifa a Nijar a madadinsu, kowa ya ce amin, suka ji sun kare kansu. Na tambaye shi 'ya'yansa nawa aka haifa a Faransa. Ya ce takwas, jikoki kuwa ya daina bin sawunsu tunda ba a shawara da shi kafin su zo.

Malam yana ta dariya, ni kuwa ban taya shi ba. Abin da na zo nema babu shi. Sun yi tunanin yara, sun tattauna a kansu, sun fitar da su da hannunsu. Baba Sha'aibu ya lura da fuskata, ya tambayi ko 'yar wa ce take takarar, Malam ya gaya masa. Tsohon ya kashe rediyo, ya matso da kujerarsa kusa da ni.

"To ki koma ki ce kin gane ni, na ce da ɗiyanmu muke nuhi. Wa za ya ƙaryata ki? Sauran ukkun suna ƙasa."

"Baba, abin da kake so yau daban, abin da kuka rubuta ran nan daban. Na biyun aka aiko ni in tambaya."

Ya dube ni, ya dubi Malam.

"Kai ɗana, ina ka samo wagga mace?"

Malam ya ce shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan shekara talatin.

A jirgin komawa Malam ya yi barci da ledar goro a cinya, ni kuma ina kallon gonaki ta taga ina shari'a da kaina. Na sake auna hujjar Nana, wajen adalci ban same ta da rauni ba. Amma ba a tambaye ni abin da ya dace ba, an tambaye ni abin da doka ta ce. Idan na lanƙwasa ta yau saboda ina ganin ina da gaskiya, gobe wani zai samu nasa masanin ya lanƙwasa masa wata ayar, shi ma yana ganin yana da gaskiya, kuma ba ni da bakin magana. Bayan haka kowa a zauren zai riƙa cewa shugabancin Nana uwarta ce ta ba ta, ko ta yi aikin mutum goma. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai har muka iso Lyon.

Ranar taro zauren ya cika har bakin ƙofa, dattawa a gaba, mata a dama, matasa a tsaye a baya. Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da na miƙe da takarda a hannu. Mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kunya ce da muka gada, shi ya sa tun ranar suna nake ce mata Nana. Ko a makaranta da asibiti Malam nake turawa gaba ya faɗa, in ba ya nan in nuna a rubuce. Amma hukunci ba ya tafiya da sunan gida. Na kalli takardar, na kalli Hajiyoyin da ke gabana, waɗanda duk sun gane abin da ke shirin faruwa, na ce, Balkisa. Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakina, kuma na faɗe shi ne don in ce takararta ba ta halatta ba. Hajiya Mariyama, babbar cikin matanmu, ta rufe baki da gyale. Nana ta ɗago kai da sauri ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na daure na ba da labarin Baba Sha'aibu yadda ya ba ni, ban rage komai ba, har da labulen. Dattawa suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai don su ma da shekara uku suka zo. Sannan na karanto aya ta ƙarshe, wadda ta ce ana iya gyara kowace aya idan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙungiya suka ɗaga hannu a babban taro. Na ce a ra'ayina aya ta huɗu kuskure ce, kuma ranar da aka kawo gyaranta hannuna zai riga na kowa tashi, amma ni kaɗai ba ni da ikon share ta.

Nana ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita, matasa suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka ce Alhaji Isa ya ci gaba, amin ɗin ta fito a sanyaye. Ran nan dattawa da kansu suka naɗe kujeru, Alhaji Isa da babbar riga yana wanke tukunyar shinkafa, ya jiƙe har ƙirji. A tram ɗin komawa gida na yi kuka. Malam ya tsaya a gabana ya kare ni daga idon mutane, bai yi tsokana ko ɗaya ba har muka sauka.

Wata huɗu Nana ba ta taka gidana ba. Babanta take kira a waya, in ina kusa in ji tana cewa ya gai da shugabar kwamiti. Ƙaramar Sallah a Paris ta yi ta wajen ƙawarta, ni kuwa na dafa miyar taushen da take so, ta kwana uku a firigo ba mai ci. Ƙannenta suka rabu biyu: Zara tana bayan yayarta, ta ce ni ba uwa ba ce, littafi ce, Habu yana bayan duk wanda ya zuba masa abinci. Na ji zafin wannan lokaci ƙwarai, kuma sau da yawa na tambayi kaina ko takarda mai shafi uku ta kai a rasa 'ya saboda ita. Matasa kuwa suna ta maganar kafa tasu ƙungiyar, har sun zaɓa mata suna da Faransanci. Da sun yi haka, da zauren ya zama wurin zaman makoki kawai, har ranar da na ƙarshenmu zai rasa mai yi masa.

Abin da ya hana shi ne taurin kan da Nana ta gada a wurina. Malam ya je ya ce mata, wai a gabansa na ce ba za ta taɓa samun kashi biyu cikin uku ba. Ban faɗi haka ba, ƙarya ya yi mini, Allah ya yafe masa, kuma ƙaryar ta yi aiki. Ta ce za ta samo hannuwan nan ko don ta ga fuskata. Sai dai masu hannun ɗagawa su ne tsofaffin nan haihuwar Nijar, kuma ba a shawo kan tsoho da saƙon waya. Dole ta bi su gida-gida, bene-bene, kowace Asabar, Malam yana rakiya yana koyarwa: a cire takalmi, a durƙusa, a tambayi gajiya da sanyi da iyali da labarin gida, kada a taɓo abin da ya kawo mutum sai an sha abin da aka kawo masa. Ita da ta saba shiga gidajen nan da takardu a hannu tana duba agogo, sai ga ta zaune awa biyu a kan darduma tana jin yadda wane ya zo Faransa da takalmin roba a tsakiyar sanyi. Wata tsohuwa ta ba ta labarin kakarta, uwata, wanda ni ma ban sani ba. Hausarta ta warware, ta kuma ƙara ƙiba saboda fura da dambu. Ni matsayina bai bar ni in taya ta neman hannu ba. Abin da na yi kawai, na rubuta wa Malam jerin wanda za a fara gaisarwa da wanda zai biyo baya, domin wanda ya je gidan Hajiya Habsu, matar Alhaji Isa, kafin gidan Hajiya Mariyama ya rasa su duka biyu. Na duba dokokin sau biyu, babu ayar da ta hana uwa rubuta jerin sunaye. Malam ya kwafe shi da rubutunsa ya ce shi ya tsara.

Babban taron ya zo lokacin da sanyi ya fara ja da baya. Baba Sha'aibu ya hau jirgi daga Paris da sandarsa, ya ce shi a Nijar aka haife shi kuma bai taɓa fita daga ƙungiya ba, in akwai mai ja ya tambayi kwamitin dokoki. Kwamitin ya tabbatar masa da haƙƙinsa. Aka miƙo mini takardar gyaran in karanta wa jama'a, sai lokacin na fara ganinta, da rubutun Nana: ɗan ƙungiya shi ne wanda aka haifa a Nijar, da 'ya'yansa, da jikokinsa, ko'ina aka haife su. Na cika alkawari, hannuna ya riga na kowa. Na Baba Sha'aibu ya tashi har da sandar. Na ƙirga sau biyu, saura hannu ɗaya. Alhaji Isa yana zaune da hannuwansa a kan ciki yana kallon rufin zaure. A can baya 'ya'yansa biyar suna tsaye jikin bango, duk haihuwar Vénissieux, suna kallonsa. Sai Hajiya Habsu ta juyo daga ɓangaren mata ta kira shi sau ɗaya, Alhaji, a hankali, irin kiran da ake yi wa mutum idan abinci ya sauka. Ya ɗaga hannu kamar mai gyara hula, amma ya ɗaga, ni kuwa na ƙirga shi kafin ya sauke.

Ana cikin guɗa da gaishe-gaishe na ratsa mutane na same ta a bakin ƙofa. Rabona da magana da ita ido da ido tun ranar hukunci. Na shirya kalmomi masu daɗi tun daga gida, amma da na buɗe baki sai lauya ta riga uwa fitowa. Na ce mata gyaran ya tsaya a jikoki, to 'ya'yan jikoki fa? Da ta rubuta da zuriyarsu kawai, da an huta har abada. Na tambaye ta ko mantuwa ce.

"Ba mantuwa ba ce, Maman. Da gangan na tsaya nan."

"Saboda me?"

"Gidan Hajiya Mariyama sau ukku na je kahin ta yarda. A na ukkun ta riƙe hannuna ta ce yanzu ta san ni. Shekara nawa ina kai ta wurin likita, ba ta san ni ba sai ran nan. Waɗanda za su zo, su ma su je su cire takalmi a ƙofar wani. In na ba su haka nan, ba za su san kowa ba."

Sai ta ƙara da cewa har yanzu tana ganin ban kyauta mata ba, kuma da ita ce alƙali aya ta ɗaya za ta bi. Na ce na sani. Ta ce ranar Lahadi tana zuwa, in ƙara hannu a tukunya. Daɗin da na ji a lokacin ya sa na manta jakata a zaure, sai Malam ne ya biyo ni da ita.

A zaɓen da ya biyo baya ta ci, ta riƙe ƙungiyar shekara huɗu, ta gano yawancin aikin sulhu ne a kan wa zai dafa shinkafa. Har yau ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Idan maganar ta taso wajen cin abinci ita tana gefenta, ni ina nawa, Malam yana tsakiya yana ci. Ku jikokina kuna cikin aya ta huɗu, ba mai fitar da ku. 'Ya'yan da za ku haifa ba sa ciki. Idan ranarsu ta zo, wani masani ya tashi ya ce ai wadda ta rubuta mantawa ta yi, ku nuna masa wannan shafi. Na tambaye ta da bakina tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce da gangan ne.